Ragowar Kokon Auta: Tarihin Kwanon Yaye A Ƙasar Gaya

Wannan rubutu na daɗe ina jinkirta shi, don kuwa duk lokacin da na ɗauki biro sai in ji kamar kaina zan kai ƙara. Abin da ya sa na daure shi ne wata 'yar gardama da muka yi da surukata a Ajingi cikin bazarar 2024, a kan ragowar kunun jikata wadda a lokacin ta cika wata bakwai. Ita tana cewa kunun bai yi komai ba, ko wari ba ya yi, ni kuwa na kafe sai dai a ba wa yayyenta su shanye. Ta ce, "Haba Umma, ku da kuka tashi da ɗumame?" Gaskiyarta, da ɗumame muka tashi. To amma akwai abin da ba ta sani ba game da ni, shi ne zan fara da shi.

A cikin garin Gaya aka haife ni, garin da ake cewa daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi suka je Dala neman tama, abin da har gobe muke yi wa mutanen birni gori da shi. Ina 'yar shekara goma sha biyu aka yi farin 1973. Da damina ta zagayo a 1974 aka yaye ƙanena, wanda muke kira Auta, yana da wata goma sha biyar, saboda Innarmu ta yi kwanika. Kamar yadda aka saba, aka yi masa rubutun yaye, aka kai shi gidan kakarmu Iya a wani ƙauye gefen Toranke, aka haɗa shi da ni don in yi raino. Iya tsohuwa ce mai gayauna, da sassafe take dama koko ta zuba na Auta a wani ɗan kwanon samira mai murfi, ta rataya a ragaya ta fita. In ya yi kuka in sauko da kwanon, in ga kokon ya daskare, in tsarge shi da ruwan randa, in motsa da yatsa, in ɗura masa. In mayar da ragowar. Da azahar haka, da la'asar haka. Sati na uku zawo ya kama shi. Aka ce haƙora ne. Da ya ƙi tsayawa aka ce ai nonon ciki ya sha kafin a gane. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya kwanta, kafin a ɗebe gero Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya sa mai ceto ne.

Kwana ya ƙare, wannan ba na ja. Amma sai da na yi shekaru ina koyarwa, na fara karance-karance, sannan na gane cewa wannan kwano da ke ragaya yana da tarihi, kuma ba a gidan Iya kaɗai aka rataya shi ba.

Mu fara da abin da kakanninmu suka tarar. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma Bahaushiyar da ba ta yin nisa da wannan. Baba ta Karo, tsohuwar nan da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, ta bayyana irin wannan tsari na goyon shekara biyu kafin yaye. Ga goyon ciki, ga wankan jego da kunun kanwa, ga kunyar rurrutsa wadda har waƙar zambo ake yi wa mace a kanta. Duk waɗannan, ko an sani ko ba a sani ba, katanga ce aka yi wa yaro. Muddin yana kan nono, abin da ke kwano ƙari ne kawai. Nono ba ya kwana a ragaya, ba a tsarge shi da ruwan randa, ƙuda ba ya sauka a kansa. Inda muka yi asara a wancan tsari shi ne dakashi, nonon farko mai kauri da tsofaffi ke cewa ba shi da kyau, a matse a zubar, alhali shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri.

Sai katanga ta biyu, wadda ta fi ba ni mamaki: tsami. Ku duba abincin da Bahaushe ke ajiyewa. Gasara sai an jiƙa gero ya kwana, an niƙa, an tace, ta kwanta ta yi tsami. Kunun tsamiya sunansa ya faɗa. Fura da nono take tafiya, nonon ma mai tsami. Tuwon da ya kwana kuwa ba a cinsa da sanyi, sai an mayar da shi kan wuta da miya ya tafasa ya yi tururi, shi ne ɗumamen da surukata take yi mini gori da shi. Wato mutanen da ba su taɓa leƙa madubin likita ba sun gano hanyoyi biyu da har yau kimiyya ba ta wuce su ba: ko dai ka tsamama abinci, ko ka sake tafasa shi. Yawancin ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa ba sa iya hayayyafa sosai cikin tsami mai ƙarfi, kuma tafasa na kashe su.

To ina aka samu ɓaraka? A wajen yaro. Tuwon babba ana ɗumama shi, don babba zai yi magana in aka ba shi da sanyi. Kokon yaro kuwa wa zai hura masa wuta sau huɗu a yini, a daminar da karan ma ya jiƙe? Kuma koko in ya huce daskarewa yake, dole a sassauta shi, a nan ruwan da ba a tafasa ba yake shiga, tsamin ya ragu, yatsa ya shiga, bakin yaro ya taɓa gefen kwano. Ƙwayar cuta in ta samu ɗumi da abinci tana iya rabuwa biyu duk minti 20. Ku lissafa da kanku: guda ɗaya da ƙarfe bakwai na safe, kafin ƙarfe biyu na rana ta haura miliyan 2. Kuma ba lallai kokon ya canza wari ko ɗanɗano ba. Masana sun ce tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi ne ƙwayoyin ke walwala, mu kuwa a Gaya cikin Afrilu inuwar ɗaki ma tana kusantar 40. Kai, ko da gangan aka shirya musu masauki ba zai fi haka ba.

Likitocin duniya su ma sun daɗe suna lalube kafin su kai ga kwanon. A 1933 wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, da ke aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ta bayyana wata cuta ta yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla: kumburi, jan gashi, saɓar fata. A 1935 ta sa mata sunan da ta ji a bakin mutanen Ga na Ankara, kwashiyoko, wanda ke nufin ciwon da ke kama yaro in ƙanensa ya ture shi daga nono. Ranar da na fara karanta wannan sai da na ajiye littafin na fita tsakar gida. Kamar a gaban Auta ta zauna ta rubuta. Abin da Iya ta kira shan nonon ciki, mutanen Ga sun ba shi suna kusan iri ɗaya, duk sun ga alaƙar da sabon ciki, sai dai ba nonon ne ya cuci yaron ba, rashinsa ne.

A 1963 wasu masu bincike a Punjab ta Indiya, John Gordon da abokan aikinsa, suka nuna cewa zawon yara yana tashi ne daidai lokacin da aka fara ba su abinci, suka kira shi zawon yaye. Nan ne amsar maganar haƙora take. Haƙori yana fitowa wajen wata shida, daidai lokacin da ake fara ɗura koko, yaro ya fara rarrafe yana kai komai baki. Haƙorin ne ake gani, shi ya sa shi ke ɗaukar laifi. Daga baya, a ƙauyen Keneba na Gambiya, Rowland da Barrell da Whitehead suka yi abin da ya kamata a yi tun farko, suka ɗebi kunun yaran daga kwanukan iyaye suka kai ɗakin gwaji. Sakamakon da suka buga a 1978 ya nuna kunun na ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma gwargwadon daɗewarsa a ajiye gwargwadon yawansu, abin ya fi muni da damina lokacin da mata ke gona. Ni dai ban ga bambancin Keneba da gayaunar Iya ba.

Nan gida ma an yi aiki. A Malumfashi ta ƙasar Katsina, wani likita Andrew Tomkins ya bi yaran ƙauyuka, a 1981 ya buga abin da ya gani, cewa zawo ya fi daɗewa a jikin yaron da dama ya rame. Wato zawo ya ramar da yaro, rama ta riƙe zawo, su yi ta miƙa wa juna shi. Shi wannan Tomkins ɗin ne tare da Patience Mensah ta Ghana da wasu suka nuna a 1990 cewa kunun ƙullun da ya yi tsami ya fi wanda bai yi ba tsira daga ƙwayoyin cuta in an ajiye shi. Ashe gasarar Iya tana da gaskiya. Ruwan da nake ƙarawa da awannin da kwanon ke yi a ragaya su ne suka karya ta. Sai kuma a 1993 masana a Hukumar Lafiya ta Duniya suka tattara irin waɗannan bincike suka ce gurɓataccen abincin yaye na cikin manyan musabbaban zawo da tamowa.

Kafin a kai nan kuwa zamani ya riga ya shigo mana da nasa kayan. Lokacin kuɗin Udoji, tsakiyar shekarun 1970, na fara ganin fida a Gaya, a gidajen ma'aikata, da gwangwanin madara a kan kabad kamar kayan ado. Wadda ba ta da shi sai ta ji ta zama 'yar ƙauye. Fida kuwa ta fi kwanon samira sharri nesa ba kusa ba: wuyanta ƙunci, ba ta wankuwa, madara ba ta da tsamin da zai kare ta, ga tsada da ke sa a tsinka ta da ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata. Ragowar ba a zubarwa, ai kuɗi ne. Ita dai Cicely Williams tun 1939 ta yi wani zazzafan jawabi a Singafo a kan yadda tallar madara ke kashe jarirai. A 1974 ƙungiyar War on Want ta Ingila ta fitar da rahoto a kan haka, a 1977 aka fara ƙauracewa kayan Nestlé a Amurka, a 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar tallar madarar jarirai, ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990. Amma kwalbar ta riga ta zauna. Har yau za ka ga an faɗaɗa hudar kan fida da reza ana zuba koko mai sukari a ciki, yaro na yawo da ita a tsakar gida tun hantsi.

Abin da na ga ya yi aiki da idona shi ne ruwan gishiri da sukari. Wannan magani an gwada shi a Dhaka a ƙarshen shekarun 1960, sannan likita Dilip Mahalanabis ya ceci ɗimbin 'yan gudun hijira da shi a 1971 lokacin yaƙin Bangaladesh. Ya iso mana sosai zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Wa zai manta da rediyo? Ƙaramin cokalin gishiri ɗaya a shafe, na sukari goma, cikin ruwa kwalbar lemo biyu. Da shi na raini 'ya'yana, kuma duk lokacin da na haɗa sai na tuna cewa a 1974 akwai gishiri a ɗakin Iya, akwai sukari a teburin mai shayi. Yanzu na leda ake so a yi amfani da shi, tare da ƙwayar zinc, kamar yadda aka ba da shawara tun 2004, kuma a 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota cikin na yara. Sai dai duk wannan taron ɓarawo ne bayan ya shigo. Ƙofar da ya bi tana nan.

Sai fulas ya zo, sai kula, sai firji. Fulas ni ina yabonsa, amma da sharaɗi. Binciken da aka yi a Ghana aka buga a 1999 ya nuna yana taimakawa matuƙar kunun ya ci gaba da zafi a ciki. In an zuba shi yana tafasa, a fulas mai kyau da aka ɗauraye da ruwan zafi, ana tsiyayar kaɗan a rufe, to madalla. In kuwa fulas ɗin ya tsufa, ko an bar kunun ya sha iska kafin a zuba, da azahar ya koma ɗumi-ɗumi, to an gina wa ƙwayoyin cuta ɗaki mai murfi. Firji kuma sai da wuta. Na shiga gidaje da yawa daga Gaya zuwa Kademi inda firji ya zama kabad na ajiye kwanuka. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda wuta ke zuwar masa awa uku ta ɗauke, uwa ta saki jiki wai ai abincin a firji yake.

Wani malami daga maƙwabtanmu na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi tunanin mutanen da ba su da wuta. Ya sa tukunyar ƙasa cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai laima, ruwa na tsotsewa sanyi na sauka. Ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda wannan. Randa ce dai aka yi wa digiri. Tana riƙe tumatir da gauta da alayyafo kwanaki, Allah Ya saka masa, amma sanyinta ba ya sauka zuwa digiri 5, don haka ba wurin ajiye dafaffen kunun jariri ba ne. Na faɗi haka ne don na taɓa jin wata tana cewa firjin talaka ne, komai yana ɗauka.

Wani abu kuma da ya canza shi ne abin da ke cikin kwanon. Zamanin Auta shinkafa ta sallah ce. Yau ita ce abincin kullum, ita ake dagargaza wa yaro da ɗan mai. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda irinta ke tsallake dahuwa. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye cikin ɗumi sai su farka su zuba dafi, shi kuwa dafin ɗumamawa ba ta kashe shi. Ka ga nan dabarar ɗumame ta kakanninmu ta gaza, don ba da shinkafa aka gina ta ba. Haka kunun gyaɗa mai madara, haka garin nan na gero da waken suya da gyaɗa da ake kira Tom Brown. Sun fi tsararren koko gina jiki ƙwarai, don tsinkakken koko rabinsa ruwa ne, yaro ya cika ciki bai ci komai ba. Amma abin da ya fi gina yaro shi ya fi gina ƙwayar cuta, kuma ba su da tsami. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, to ita zumar ma likitoci sun hana a ba yaron da bai shekara ba, tsohuwa ko sabuwa.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001 ita ce nono zalla wata shida, sannan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. A kan ajiya kuma ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki, in za a sake ci a tafasa shi ya ratsa. Da sauƙin faɗa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono zalla, kuma a Jihar Kano fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 gawayi da itace da gas suka bi sahu, macen da ke lissafin kara ba za ka ce mata ta hura wuta sau biyar ba ka juya ka tafi. Ga kuma tarbiyyar da aka yi mana, cewa zubar da abinci zubar da albarka ne, ba ka san lomar da albarkar take ciki ba. Ni ban ce a zubar ba. A gidan Bahaushe ragowa ba ta taɓa rasa mai ci ba, ga uwa, ga yayye, ga kaji.

Abin da muka daidaita a kai da surukata ke nan, bayan na ba ta labarin Auta, wanda ko mijinta ɗan cikina bai taɓa ji daga bakina ba. Gasara ta zauna ɗanya da tsaminta, ana canza mata ruwa, garin kunu ya zauna a bushe cikin roba mai murfi. In za a ɗora girkin gida sai a ɗebi cokali biyu a dama wa yarinya a gefen wutar, ba a hura wata ba. Na rana a zuba a fulas yana tafasa. A tsiyaya kaɗan a kofinta, a ba ta da cokali, abin da cokali ya shiga ba ya komawa fulas. In ya yi kauri da ruwan zafi za a sassauta. Fidar kuwa da kaina na ɗauke ta na sa a jakata.

Ta yi shiru tana kallon kwanon, can ta ce, "Umma, to ai ke ma yarinya ce lokacin." Na ce haka ne. Ta ƙwala wa babban ɗanta kira, ya shigo da gudu daga waje ƙafa duk ƙura, ta miƙa masa kunun ya kafa kai ya shanye, har yana tambaya ko akwai saura.